Ranar da Aka Karkatar da Layi

A ofishin kamfanin intanet, layin da ke kan allo ya koma ja, sai Manaja ya zo ya dafa bayan kujerar Injiniya.

"Me kake jira? Babban layi ya cushe. Kwashe 'yan unguwanni ka watsa su tsohon layi, ka bar wa kamfanin caca fili."

Injiniya ya san tsohon layin. Ko hoto ɗaya sai ya yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe. Ya kuma san a daidai lokacin Auta, ƙanwarsa, tana falonsu gaban kwamfuta, tana rubuta jarrabawar shiga karatun likita ta intanet.

"Ranka ya daɗe, a ɗan jinkirta. Ƙanwata na cikin jarrabawa, kuma unguwarmu na cikin waɗanda za a kwashe."

Manaja ya yi dariya, ya juya ga sauran ma'aikata. "Kun ji? Ashe kamfanin nan namu na gidansu ne." Ya sunkuyo daidai kunnensa. "Da hannunka za ka danna. In ba za ka iya ba, masu son kujerar nan sun cika waje."

Injiniya ya danna. Layin kamfanin caca ya koma kore. Wayarsa ta hau ruri a kan tebur, sunan Auta na haskawa. Ya kife ta.

Da ƙorafi ya yi yawa, Manaja ya sa shi ya rubuta saƙon da aka tura wa kowa: layinmu lafiya lau yake, a duba na'ura.

Da yamma Injiniya ya koma gida, ya tarar da Auta zaune a ƙasa, idanu sun kumbura. Umma na ninke wanki tana faɗa.

"Shekara guda kina karatu, ki rasa ranar da za ki nuna wa yayanki kwamfutar? Ga gwani a gida!"

"Yaya, na yi ta kiranka," in ji Auta. "Ina tsakiyar amsa shafin ya tsaya cak, har lokaci ya ƙare. Sun ce matsalar daga wajena take. Don Allah duba min."

Ya ɗora kwamfutar a cinyarsa. Komai na gudu kamar ruwa. Ya daɗe yana danne-danne, su biyun sun zuba masa ido.

"Ta cika da tarkace," ya ce. "Da kin kawo min tun jiya."

Auta ta sunkuyar da kai, ta ce ya yi haƙuri.