Bayan Jawabin Alhaji Lawan

Motar ba ta gama tsayawa ba Furera ta fito daga gonar dawa a guje, ko mayafi babu.

"Yaya Lawan, dogarai sun tafi da Mati! Tun shekaranjiya ba mu sa shi a ido ba."

Alhaji Lawan Dogo ya taka birki. Shekara da shekaru yana sayen gyaɗa a ƙauyukan Makoda kafin a zaɓe shi ɗan majalisa, bai taɓa sa-in-sa da mai sarauta ba. Sai makon jiya a Kaduna, da ya miƙe gaban Turawa da manyan ƙasa ya ce ana kwashe manoma da tsakiyar damina su nome gonar wani hakimi, nasu gonakin ciyawa na ci. Bai kama sunan kowa ba. Amma kowa ya san Mati, mijin ƙanwarsa Furera, shi ne ya tsegunta masa.

Lawan ya juya kan mota zuwa gidan hakimi. Yau suna iya hana shi sayen gyaɗa. Suna iya kwantar da shi su yi masa bulala a bainar jama'a, ba wanda zai ce uffan.

Wakilin hakimi ya tarye shi da fara'a, har da shimfiɗa masa buzu.

"Ɗan majalisa da kansa! Surukinka? Ai baƙonmu ne, hira muka ɗan yi. Jawabinka ya iso mu, Alhaji. Ka iya magana."

Aka fito da Mati. Da gefen ƙafa yake takawa, rigarsa ta manne masa a gadon baya da jini. Da aka sa shi a mota bai iya jingina ba, sai ya dafa gwiwoyinsa.

Suna barin ƙofar gidan hakimi, Lawan ya ce:

"Wallahi zama mai zuwa sai na faɗi wannan a majalisa. Da sunan hakimin zan faɗa."

Mati ya damƙi hannun rigarsa, muryarsa can ƙasa.

"Alhaji, don girman Allah kada ka ƙara taimakonmu. Kai Kaduna za ka koma. Mu nan muke kwana."

Lawan ya kalli madubi. Wakili na tsaye a bakin zaure, yana ɗaga musu hannu.