Kunnen Aro

"To, ya kika ji shi?" in ji Alwyn Pascoe, yana jingine da babban piyanon zauren gari, sifana a hannu, numfashi na fita da ƙyar.

Noreen, maƙwabciyarsa, yake tambaya. Ita ke kaɗa waƙoƙin coci duk Lahadi, kuma kunnenta ya gaya mata sautin ya karkace. Ga shi ranar Asabar wata shahararriyar makaɗiya za ta taso takanas daga Sydney saboda wannan piyanon. Tun zamanin kakanni aka ɗauko shi daga Hamburg a jirgin ruwa, aka ƙaraso da shi wannan garin masu haƙar ma'adinai a keken shanu. Manyan makaɗa sun sha ratso daji don kawai su ɗora yatsu a kansa. Shekara arba'in da ɗaya Alwyn ke saita sautinsa, ba a taɓa kushewa ba. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinsa, likita ya ce sai dai a jira lokaci.

In ta ce ya yi, tsohon zai sha kunya a gaban gari. In ta faɗi gaskiya, tana tsoron ta karya shi.

"Tsakiyar nan ba ta zauna ba, Alwyn."

"Ji mai kaɗa wa kurame a coci!"

"Ai wannan ko su sai sun toshe kunne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na sani, 'yar nan. Tun bara kunnen ya riga ni tafiya. Duk wanda na tambaya sai ya ce madalla. Sun fara yi mini irin ƙaryar da ake yi wa mai mutuwa." Ya nuna mata kujera. "Zauna. Danna waɗannan maɓallan biyu tare. Kin ji sautin na rawa? In ya tsaya cak, ki ce mini."

Safiya uku suka yi a haka, tana dannawa, yana murɗa tsirkiya kaɗan-kaɗan. Hannun bai manta komai ba. Wani lokaci kafin ta buɗe baki ya riga ya tsaya.

Ranar Asabar da hantsi ta kai masa shayi, ta tarar da shi a kujerar baranda, ya sa farar rigarsa ta fita, an goge takalma. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Da ƙarfe uku ta tafi zauren, ta tsaya can baya kusa da ƙofa. Baƙuwar makaɗiyar ta zauna gaban piyanon, ta bi maɓallan da yatsu daga ƙasa har sama, ta dawo tsakiya ta ɗan dakata, kai a karkace. Sai ta gyaɗa kai, ta gyara zama, ta fara.