Ruwan Wankan Ramlatou

Duk wanda ya ce Sahara zafi kawai ta sani, bai taɓa zama a Sabha cikin Janairu ba. Sanyin garin ba ya sallama. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ya bi siminti, ya kama mutum a ƙashi. A tsakiyarsa kuwa Ramlatou, matar Yahouza, ta haifi ɗansu na fari, aka sa masa Hudaifa.

Ɗakinsu ɗaya ne a unguwar Gurda, da ɗan tsakar gida, butel ɗin gaz ɗinsu ma ɗaya. Wutar lantarki kuwa in aka ɗauke sai ta ga dama ta dawo, don haka wannan butel shi ne komai: shi ke dafa tuwo, shi ake jona wa daffaya mai ɗumama ɗaki don kada jariri ya sandare, shi kuma ke tafasa ruwan wankan jego safe da yamma. Ga gaz ya yi wuya a gari. Mutum ya yini a layi ya dawo da butel fanko, in ya leƙa na bayan fage kuma farashi ya koro shi.

Makon farko Inna Kaltoumi ce ke yi wa mai jego wanka. Tsohuwa ce 'yar Damagaram, aminiyar uwar Ramlatou, ta daɗe a Sabha tana sayar da abinci, kuma ita uwar ta damƙa wa amanar 'yarta ta waya. Hannun Inna ba shi da tausayi ko kaɗan. In ta tsoma ganye a ruwan zafi ta fyaɗa, ihun Ramlatou har maƙwabta suke ji, Yahouza na ɗaki kamar shi ake dafawa. Bayan suna aka bar Ramlatou ta riƙa yi da kanta, sai makewayi ya yi tsit. Gogan naka har daɗi ya ji, wai ta saba.

Ashe ba sabo ba ne. Ramlatou ta girgiza butel ta ji ba nauyi, ta dubi ɗanta, ta zaɓi ɗumin ɗaki. Ruwan wankan sai ta ɗan nuna masa wuta ta sauke. Asiri ya tonu ranar da Inna ta zo ba zato ta tsoma hannu a bokiti.

"Yahouza! Zo nan. Mene wannan?"

"Ruwan wanka ne, Inna."

"Ruwan wanka? Ni ko alwala ba ni yi da wannan. So kake sanyi ya shiga jikin 'yar mutane ta kumbura? Ni za a tambaya, ba kai ba." Ta goge hannu a zani. "Akwai direban da na sani, zai tashi Agadas ran Juma'a. Tun da ka kasa, ta tafi gida uwarta ta yi mata."

Yahouza ya san hanyar nan, a bayan mota ya biyo ta, ya ga ƙarti suna kuka don sanyi, balle jaririn da cibiyarsa ba ta gama warkewa ba. Ya kuma san in Ramlatou ta tafi, sai an yi shekaru kafin ya sake ganin su. Amma musu da Inna ba ya cikin tarbiyyarsa, kuma a ransa ya san tana da gaskiyarta.

Washegari ya tafi aiki a gonar da yake ban ruwa kan hanyar Tamanhint. Da azahar ya tsuguna alwala, ya buɗe bakin baƙin tiyon da ke kwance a rana tun safe, ruwan ya zubo masa da zafi har ya yarfe hannu. Ba yau ya fara ba. Kullum haka suke barin na farko ya malale a ƙasa har na sanyi ya iso, suna tsaki. Yau dai bai yi tsaki ba. Ya tsaya yana kallon ruwan zafi yana nutsewa cikin rairayi a banza, shi da ya rasa barci a kansa.

Ya je ya roƙi mai gonar tsohon tiyon da aka watsar bayan ɗakin inji, da yagaggiyar ledar rumfar tumatir. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce ya kwashe, shara ya rage masa.

Da yamma Yahouza ya hau rufin ɗaki ya naɗe tiyon zagaye-zagaye kamar faifai, ya jona bakinsa da tankin ruwa, ya lulluɓe da leda ya danne da bulo, ya sako ɗaya bakin tsakar gida. Maƙwabta na ta tsokana, wai ko albasa zai shuka a sama.

Kashegari bai dawo daga gona ba sai bayan magariba. Ko takalmi bai cire ba ya buɗe tiyo. Ruwa ya zubo kamar daga randa. Ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na neman kunyata shi.

"Malam, ai makara ka yi," in ji Ramlatou daga bakin ƙofa. "Da azahar na buɗe, sai da na janye hannu. Rana na faɗuwa yake hucewa. Zo ka gani."

Ashe tun da azahar ta cika tano, gangar ruwansu, da ruwan tiyon, ta rufe, ta naɗe shi da tsohon bargo da buhunan siminti. Yahouza ya ɗaga murfi, ɗumi ya bugi fuskarsa.

Ran Alhamis da la'asar Inna ta iso da jaka a hannu, don ta haɗa wa Ramlatou kaya. Yahouza bai je aiki ba. Ya tara mata ruwan tiyo a tukunya, ta tsoma gwiwar hannu, ta taɓe baki.

"Bai kai ba."

"A ɗora a wuta kaɗan, Inna."

Aka ɗora. Ta fara faɗan 'yan zamani da dabarunsu marasa kan gado, amma kafin ta kai tsakiyar faɗan tukunya ta soma ɓararraka. Ruwan da a da sai wuta ta gaji da shi.

"To, na safe fa? Da asuba ma ranar taka na nan?"

Ya nuna mata tano cikin bargonsa. Ta tsoma hannu, ta ji ruwan jiya har yanzu da ɗuminsa. Sannan ta ajiye jakar a gefe, ta ɗauki ganye, ta tasa Ramlatou gaba zuwa makewayi.

Yahouza ya koma ɗaki ya ɗauki Hudaifa, ya zauna kusa da daffaya yana kasa kunne. Ya ji an tsoma ganye. Ya ji an fyaɗa.

"Wayyo Inna, zafi! Za ki kashe ni!"

"Rufe mini baki, ki tsaya da kyau! Yahouza, ka kira direban nan ka ce ya ba wani wurin!"

Ramlatou ta sake ƙwalla ihu. Yahouza ya rungume ɗansa yana dariya, hawaye na zuba. Tun da yake bai taɓa jin abin da ya kwantar masa da hankali kamar kukan matarsa na ranar nan ba.