Ba Nan Ba, Rakiya

"Ba nan ba," in ji Iya Mairama, fuskarta kife a kan matashi. "Ke wanki kike yi ko tausa? Sauko ƙasa kaɗan."

Na sauko da babban yatsana. Bayanta ya rame har ana bin ƙashin da hannu, ga man kaɗanya sai santsi yake.

Iya maƙwabciyarmu ce a gidan haya a Sharaɗa, ɗakinta na kallon namu. Daga Damagaram ta zo tun ba a gina rabin kamfanonin nan ba, kuma tausa ce sana'arta. Namiji kam ba ta taɓa shi. In ma'aikaci ya dawo da ciwon jiki, matarsa take kira ta koya wa, kuma hanyarta ɗaya ce: ta danna miki a jikinki ki ji, sannan ki danna mata a nata ta ji ko kin gane. Haka na koyi wuya da kafaɗa ina amarya, daga baya na koma na koyi ƙafa. Ƙugu ne na yi ta ja mata rai, kullum ina ce mata sai na samu sarari, kamar wata mai ofis.

To ga shi ƙugun Idi mijina ya riƙe wajen ɗaukar dilar fata a Challawa, yana kwance ko juyi ba ya iyawa. Shugaban aikinsu ya aiko cewa in Litinin ta yi bai fito ba, akwai masu jiran gurbinsa a bakin ƙofa. Ita kuwa Iya tun bayan sallah ɓarin jikinta ya shanye, hannun da zai nuna mini yana ajiye a gefenta kamar na aro. Rabin karatun ne ya rage mana: in danna, ta faɗa.

"Iya, ku bari sai kun ji sauƙi," na ce.

"Sauƙin me? Saurara nan. Kada ki bi inda Idi yake miki kuka. Bi gefen ƙashi, inda nama ya ɗaure kamar igiya. In kin samu ki tsaya, ban da murzawa. Ki jira ya saki da kansa."

"Yaya zan san na samu?"

"Zan gaya miki."

Jiniyar kamfani ta busa, masu aikin rana suka fara wucewa a kan kekuna. Esta matar Luka, maƙwabciyarmu ita ma, tana dama kunu a tsakar gida. Na yi ta lalube har na ji wani abu mai tauri ƙarƙashin yatsana. Na tsaya, na jira kamar yadda ta ce. A hankali ya saki.

"Iya, nan ne?"

Ba ta amsa ba. Da ma takan yi barci ana mata tausa, sai na ci gaba da abina. Ina cikin haka Esta ta ɗaga labule da kwanon kunu. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ajiye kwanon a bakin ƙofa.

"Rakiya, ɗauke hannunki," ta ce.

Har yau ban sani ba ko wurin na samu, ko kuwa rai ne ya fita naman ya saki.

Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Mata suka cika gidan, aka yi mata wanka, aka fita da ita bayan la'asar. Ni tunanin da nake yi shi ne ko na sauke tukunya. Idi bai iya bin gawa ba, daga kan tabarma ya yi mata addu'a.

Da gida ya lafa na shiga ɗakinmu da ragowar man kaɗanyarta.

"Juya," na ce masa.

"Yau, Rakiya?"

"Litinin ba ta san an yi rasuwa ba."

Na taimaka masa ya kife. Ya nuna mini inda ke masa ciwo, na ƙyale shi na bi gefen ƙashi. Igiyar tana nan. Na ɗora yatsa na tsaya, yana nishi, ina jira. Can ya sauke dogon numfashi.

"Nan ne," ya ce.

Na ji shi, amma ban ɗauke hannu ba. Ta ƙasan labule ina hango ƙofar Iya. Kwanon kunun yana inda Esta ta ajiye shi, ya yi fata a sama.