Saura Bawul Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ina shugabar ma'aikata a kamfanin ruwa, kuma ba yabon kai ba, na san aikina. A bangon ofishina akwai allo mai ɗauke da sunan kowa, da shekarar da zai yi ritaya, da wanda zai gaje shi. Duk aikin da mutum ɗaya tak ya iya, zagaye shi nake yi da jan alƙalami, kuma hankalina ba ya kwanciya sai na goge jan nan. A bana saura ɗaya, Baba Taswira.

Sunan ya bi shi ne don shi kaɗai ya san inda aka binne bawul-bawul na tsohuwar unguwa, wato wuraren da ake rufe ruwa in bututu ya fashe. Sittin da uku ne, wasu kwalta ta rufe su, wasu har shago an gina a kansu. Takardunsu kuwa gara ta cinye tun kafin zuwana. In ya tafi da su a kansa, duk ranar da bututu ya fashe sai dai a kashe wa rabin gari ruwa, har da asibiti.

Saura wata takwas ya ajiye aiki na haɗa shi da injiniyanmu, Dogo, su riƙa zagayawa da rana bayan an gama gyare-gyaren safe. Bayan wata biyu Dogo ya shigo mini yana huci.

"Ranki ya daɗe, tsohon nan yawo yake min da hankali. Tara kacal ya nuna min. Jiya sau uku muna zagaya titi ɗaya, ƙarshe ya ce wai rana ta yi zafi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san irinsu, mutum ya ƙanƙame abin da ya iya don kada a ce an daina buƙatarsa. To ni ba a yi min haka! Na rubuta takardar gargaɗi, na jefa a jaka, ran Asabar na nufi gidansa da kaina.

Matarsa ce ta tare ni. Ta ja min kujera, ta saurare ni har na gama zuba.

"'Yata, ba ɓoyewa yake yi ba," in ji ta. "Nema yake yi."

Ta ɗauko rigar aikinsa daga kan igiya, ta juyo cikin aljihun. An ɗinke wani ƙyalle a wurin, an rubuta sunan layinsu da lambar wayarta.

"Sau biyu ana rako min shi. Da safe garau yake, in rana ta take kuwa sai a hankali. Kunya ce ta hana shi faɗa. Ai tun yana jin abin na zuwa ya je wurinki, shekara huɗu ke nan."

Nan take na tuna ranar. Ya tsaya a bakin ƙofata da hula a hannu, ya ce a ba shi mutum ɗaya ya nuna masa. Ni kuwa, uwar tsari, na dubi allo na ce, "Baba, kana da sauran shekaru. Ba ka cikin tsarin bana." Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Ran Litinin na sauya komai. Ƙarfe bakwai muke fita, Baba a gaba, Dogo da gwangwanin fentin sa alama, ni da littafi. Ba ma tambayarsa, don tambaya ruɗa shi take yi. Ƙyale shi muke yi ya yi ta tafiya, sai ya tsaya cak ya buga dugadugi a ƙasa, a tona a samu. Wata rana har tsokanar Dogo yake yi, wai duk tsawon nan ba ya hango abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Muka kai hamsin da biyu, amma safiyar kullum ƙara gajarta take yi.

Ranar Laraba ta ƙarshe da muka fita, ya tsaya a wata mararraba. Dogo ya buɗe fenti. Baba bai buga ƙafa ba, sai ya juyo yana kallon katin shaidar aiki da ke wuyana.

"'Yata, a kamfanin ruwa kike?"

"E, Baba."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Don Allah in kin koma ki gaya wa shugabar ma'aikata, a ba ni mutum ɗaya in nuna masa, tun ina tunawa."

Dogo ya kau da kai. Ni kuma na rufe littafin.

"To, Baba," na ce. "Zan gaya mata."