Mangwaron Gidan Surukai

Tun da sanyin safiya Nagwa ta gama naɗe shinkafa a ganyen inabi, ta dafa, ta lulluɓe tukunyar da tawul. Surukanta ne suka gayyace ta wuni a gandunsu da ke bakin kogin Nilu, gaba kaɗan da garin Kanatir. Wata biyar ke nan da auren Shuruk, 'yarta tilo, wadda ta rena ita kaɗai a 'yan ɗakunansu biyu na unguwar Shubra tun rasuwar uban. Hazim, mijin Shuruk, shi ya zo ɗaukar ta a mota.

Daga ƙofar gandun zuwa gidan ma tafiya ce. Itatuwan dabino sun yi sahu hagu da dama, ga fulawa ja da fari, ga ɗakin tantabaru dogo kamar hasumiya. Nagwa ta tuna 'yar na'ana'ar da take shayarwa a gwangwani bakin taga, ta taɓe baki.

Hajja Tahani, uwar Hazim, ta tarbe ta hannu bibbiyu, ta sumbace ta kunci da kunci. "Ummu Shuruk! Yau gidanmu ya yi haske."

Shuruk ta fito da sauri ta rungume uwarta, ta yi fes, har kumatu ta ajiye. Ba a jima da zama ba ta leƙo daga kicin ta ce, "Mama, ina babban tiren shayi?"

Nagwa ta buɗe baki za ta ce wane tire, sai ta ji Hajja Tahani ta amsa, "Yana saman firji, 'yar nan."

Nagwa ta rufe bakinta.

Da azahar aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin rumfar inabi: waina mai ninki da zuma, cuku, tantabaru gasassu. Nagwa ta buɗe tukunyarta, ta cika wa Shuruk faranti. Yarinyar ta kai ɗaya baki, ta yamutsa fuska, ta ture farantin. Nan da nan Hajja Tahani ta miƙa mata ɓarin lemon tsami.

"Kwanan nan ba ta son abu mai maiƙo," in ji ta.

"Shekara ashirin da huɗu tana cin girkina," Nagwa ta ce tana murmushin yaƙe, "yau na fara jin yana da maiƙo."

Bayan la'asar Hazim ya ce a sauka bakin ruwa, kwalekwale na jira. Nagwa ko gada take hayewa sai ta runtse ido. Shuruk ta san haka, ta ce, "Mama, ki zauna a inuwa ki huta, yanzu za mu dawo." Amma Nagwa ta hango Hajja Tahani ta riga ta zauna tana buga katakon gefenta, wai Shuruk ta zo kusa da ita. Sai ta tattare siket ɗinta.

"Wa ya ce miki na gaji?"

Wajen shiga ta cakumi wuyan rigar matuƙin, wani tsoho mai suna Ragab. Ya ce, "Baiwar Allah, sakar min wuya. Jirgin nan ya sha ɗaukar ɓauna bai nitse ba."

"Au, ni ce ɓaunar?"

Aka kwashe da dariya, ban da ita.

Sun kai tsakiyar kogi, iska na kaɗawa, Shuruk na jan yatsunta cikin ruwa, sai wani jirgi mai inji ya wuce cike da matasa da kiɗa. Igiyar ruwan ta ɗaga kwalekwalen ta sauke. Hajja Tahani ta riƙo Shuruk ta daka tsawa: "Ragab, a hankali mana! Yarinyar nan fa ba ita kaɗai ba ce!"

Nagwa ta manta da ruwan gaba ɗaya, ta zuba wa 'yarta ido.

"Wata nawa?"

"Biyu, Mama. Wallahi yau nake shirin gaya miki..."

Nagwa ta juya ga surukarta. "Barka, Hajja. Allah ya sauki 'yarki lafiya."

Shuruk ta fashe da kuka. Hazim ya yi wa Ragab alama, aka juya kan jirgi zuwa gaɓa.

Nagwa ta wuce su ta shige cikin itatuwan mangwaro, ta zauna kan wani dakali. Can sai ga Hajja Tahani tana haki, ta zauna gefenta ba tare da an ce mata bismilla ba.

"Ki saurare ni, 'yar'uwa. Ba ita ta gaya min ba. Sau uku ina samun ta tana amai bayan kicin, ni kuwa maza huɗu na haifa. Har roƙo na ta yi in ja bakina, ta ce uwarta ce za ta fara ji daga gare ta. Bakina ne ya kuɓuce."

Nagwa ta kau da kai. Ita ma ai ta ga yarinyar ta ture faranti, amma tukunyarta kawai ta tuna. Wannan ya fi komai ci mata rai: wata ta gani, ita uwa ba ta gani ba.

Ta ce, "A gidana za ta haihu."

"Hawa na biyar? Da wannan matakala taku?"

"Da cikinta na hau ta, ban mutu ba."

Hajja Tahani ta yi dariya. "To, akwai sauran wata bakwai. Mu ci gaba da faɗan a hankali."

Nagwa ta tarar da Shuruk a falo idanu jawur. Ta gyara mata ɗankwali, ta share mata fuska da tafin hannu, ta ce, "Ba ke ba kwalekwale daga yau. Kuma gobe ki kira ni da safe, ni, kafin kowa." Shuruk ta gyaɗa kai, ta cusa fuska a kafaɗarta.

Da za su tafi Hajja Tahani ta sa aka loda kwandon mangwaro a but ɗin mota. Nagwa tana isa Shubra ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa ta rabar, tana cewa, "Ku yi haƙuri, na gidan surukai ne, ina jin da tsami." Guda ɗaya ya rage a gindin kwandon. Ta wanke, ta tsaya a kicin ta gatsa, ruwan na bin hannunta har gwiwa. Zaƙi kamar zuma. Ta ja dogon tsaki, ta tsotse shi tas har ƙwallo.