Kukan da Bai Kamata a Ji Ba

Wani dare tsohon mai gyaran agogo ya ji ƙara daga ɗakin 'yarsa: ƙit, siririya, kamar an taka ɗan tsako. Ya kasa kunne. Can ta sake. Shekara arba'in yana sauraren cikin agogo, bai san barin ƙara ta wuce ba. Ya ƙirga uku kafin barci ya ɗauke shi.

Da safe ya same ta gaban kwamfutar da ta kwana tana aiki ita kaɗai. Allon ya cika da layuka kore.

"Uwata, injinki ya kwana kuka."

"Baba, kai dai da jiye-jiye. Duba, gwaji dubu tara, duk sun wuce. Ƙarfe goma zan tura wa oga. Da wannan za a yanke ko in zauna a aikin ko in tattara."

Ta sha yi masa bayanin aikin. Akwai wata babbar manhaja, haifabaiza, sunan da shi yake ji kamar na maganin tari. Ita ke gina kwamfutar ƙarya cikin ta gaske. A cikin ta ƙaryar akwai hawa biyu: sama wurin iko, inda ake taɓa komai, da ƙasa wurin baƙi, inda hannu a ɗaure yake. Gwajin 'yar tasa shi ne ya sauko da wani ɗan shiri, wato ƙaramar manhaja, daga sama zuwa ƙasa, ya sa shi ya gwada buga lasifika, a hana shi, sannan a mayar da shi sama. Tsoho ya daɗe yana tausayin ɗan shirin nan, hawa da sauka ba ko ruwa.

"To in an hana shi," in ji tsoho, "wa ya yi kukan?"

Hannunta ya tsaya a kan madannai.

"Sau nawa ka ji?"

"Uku. Na biyu da na uku tsakaninsu kamar minti ashirin."

Ta buɗe rubutun gwajin tana bi layi-layi, leɓenta na motsi. Sai ta dafe kai. Ashe gwajin yana duba dawowar ɗan shirin sama ne kawai, bai taɓa tambaya ko an hana shi ba. Wani lokaci kuma, jefi-jefi, ɗan shirin yakan sauka da izinin sama a aljihunsa, ya buga lasifika, ya dawo, allo ya ba shi kore.

Ƙarfe tara da rabi ta yi. Tsoho ya ga yatsanta ya kai kan maɓallin turawa ya tsaya.

"Ba wanda ya ji sai kai, Baba."

"Haka ne," ya ce, yana murza agogon hannunsa.

Ta ɗauki waya ta fita baranda. Ya ji tana cewa, "Ranka ya daɗe, koren nan ƙarya ne, laifina ne." Ta daɗe tana sauraron oga. Da ta dawo ta ce an ba ta zuwa gobe, kuma oga bai yi dariya ba.

Ta wuni tana gyara. Ta sa a ƙwace izinin tun a bakin matakalar saukowa, ta sake kunna gwajin. Washegari tsoho ya shaida mata ko ƙit bai ji ba, ta tura.

Maƙwabcinsu tela, wanda bango ɗaya ya raba su, ya leƙo aron almakashi.

"Alhaji Agogo, tsakon naku ya mutu ne? Jiya ban ji shi ba."

Ashe shi ma ya ji. Tsoho ya yi masa bayani iya fahimtarsa, da hawa biyu da komai: yanzu shiru shi ne lafiya.

Tela ya juya almakashin a hannu, ya dubi kwamfutar.

"To ranar da lasifikar kanta ta lalace fa, ta yaya za ku gane?"

Tsoho ya dubi 'yarsa. Ita allo take kallo.